Darasi na 7: Zaɓen Na'urar Numfashi Mai Ajiye Bayanan Barci

Akwai mai minsharin da numfashinsa kan tsaya cak cikin barci, daƙiƙa 10 ko fiye, sai ya zabura yana neman iska. Maƙogwaro ne ke toshewa idan naman wuya ya saki. Shi bai sani ba, wanda ke kwana kusa da shi ne ke gani. Da rana sai gyangyaɗi da ciwon kai, kuma wannan ciwo, da ake kira sleep apnea da Turanci, yakan ƙara hawan jini.

Bayan gwajin barci, likita kan rubuta na'urar CPAP. Likitan Ostireliya Colin Sullivan ne ya fito da ita a 1981. Tana hura iska ta takunkumin hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe.

Wajen saye ne mutane ke yin asara. Wata na'urar awowin da aka kunna ta kawai take ƙirgawa. Wannan ba ta gaya wa likita ko maganin yana aiki. Wadda za ka nema ita ce mai ajiye cikakken bayani a katin mamori: sau nawa numfashi ya tsaya, iska nawa ta zurare ta gefen takunkumi, da ƙarfin iskar da aka hura maka.

Lambar da za ka fi kula da ita ita ce AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 15 ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Da na'ura a hanci, ana so ta sauko ƙasa da 5. Idan ta ƙi sauka, kai wa likita katin, kada ka murɗa ƙarfin iskar da kanka. Sau da yawa ma laifin takunkumi ne da bai zauna daidai ba, musamman ga mai gemu.

Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna ta, ya nuna maka lambar AHI a fuskarta da ramin katin. AirSense 10 AutoSet ta kamfanin ResMed tana da su. Wadda ke daidaita ƙarfin iska da kanta ta fi tsada, amma ta fi daɗin barci ga mutane da yawa.

Ka yi hattara da ta gwanjo. A 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson cikinsu na marmashewa, mai barci ya shaƙa.

Tambayi kuma ko tana aiki da batir ko sola, don ɗauke wuta cikin dare. Mai tankin ruwa tana hana hanci bushewa lokacin hunturu, kuma ka riƙa canza matatar ƙura a kai a kai.

Aiki: Malam Audu ya ga AHI 12 a na'urarsa kwana bakwai a jere. Rubuta abin da zai duba da farko, da wurin da zai kai katin.