Idan an haifi jariri aka kasa gane mace ce ko namiji: abin da iyaye za su yi

Wannan maganar mutane basa son yinta a fili amma tana faruwa a gidajenmu, a haifi jariri ungozoma ta duba gabansa tayi shiru, kakanni su shiga ɗaki suna ƙus-ƙus, a ƙarshe wata tsohuwa ta yanke hukunci tace ai namiji ne a raɗa masa suna shikenan an rufe zancen. Mu mata-maza muke cewa, likitoci kuma suna rubuta DSD a kati tun bayan wani taro da ƙwararru sukayi a Chicago a 2005. Ba aikin aljanu bane ba kuma laifin uwa bane, halitta ce, kuma akwai abubuwan da ya kamata ayi bi da bi.

Na farko dai tun kafin maganar suna, ku kai jaririn babban asibiti a cikin kwana biyu ukun farko, kar a jira ayi arba'in. Dalili kuwa, abin da yafi yawan kawo wannan yanayin shine wata lalura da ake kira CAH, matsala ce a wata ƴar tsoka dake zaune a saman ƙoda wadda aikinta sarrafa homon, wato sinadaran dake tafiyar da aikin jiki. Idan ta kasa yin homon ɗin da jiki yake buƙata sai ta riƙa zubo na maza da yawa tun jariri yana ciki, sai a haifi mace mai mahaifa da komai nata a ciki amma gabanta ya girma yayi kama da na namiji. A duniya ana samun kusan ɗaya cikin haihuwa 15,000, kuma kusan uku cikin huɗu na masu nau'in mai tsanani gishirin jikinsu zubewa yake ta fitsari. Wannan ne yake kisa wallahi. Yawanci tsakanin sati na ɗaya zuwa na uku yake bugawa, wato daidai lokacin da gida ya cika ana hidimar suna, jariri ya dena kama nono, yana amai, yana ramewa, jiki ya saki, maɗiga ta faɗa. In kunga haka dan Allah kar a tsaya shafa magani a maɗiga ko ɗura jiƙo, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, kuma ku faɗa wa likita da bakinku cewa a duba gishirin jini da suga saboda yadda gaban yaron yake.

Ƙaramin asibitin unguwa ba zai iya wannan aikin ba, ku nemi su rubuta muku takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, ƴan Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai ko Damagaram. In kunje ku tambayi likitan yara mai kula da harkar homon. Gwajin da za'a nema ba wasu masu yawa bane, akwai sikanin na ciki a ga ko akwai mahaifa, akwai gwajin jini na 17-OHP wanda shi yake nuna CAH, sai gwajin kuromosom, wato ƙwayoyin halitta, da zai nuna XX ne irin na mace ko XY irin na namiji, shi wannan yana ɗaukar lokaci don wani sa'in sai an tura jinin wani gari, kuma da ɗan tsada, gara dangi su haɗa kuɗin a nan akan a kashe a ragon suna biyu da anko.

Maganar sunan ma akwai mafita. In sakamako bai fito ba ranar bakwai a yanka rago a yi addu'a a kira jariri da lakabi, ko a sa suna irin wanda mace da namiji duk suna amsawa kamar Nur ko Ihsan, kuma a ɗan dakata da karɓar takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya har a tabbatar. Duk mai tambaya a ce masa yaro bashi da lafiya likitoci suna dubawa, ba dole sai kowa a layi yasan abin dake cikin zanen goyo ba, yaron nan zai girma a unguwar nan ne kuma tsokanar yara bata da daɗi.

Wanzami kuma kar ya taɓa shi, ko kaciya ko cire angurya ko yankan gishiri ko wane suna aka bashi. Akwai yaran da maza ne sak, kawai ƙofar fitsarinsu ce ta buɗe ta ƙasan mazakuta kuma ƴaƴan maraina basu sauko ba, likitan tiyata da fatar kaciyar nan yake amfani wajen gyara, in an yanke an jefar an ƙara masa wahalar aiki.

In gwaji ya nuna CAH ne, magani na tsawon rai ne, haidirokotizon kullum yawanci sau uku a rana, masu zubar gishiri a ƙara musu fuludirokotizon da ɗan gishiri gwargwadon yadda likita ya auna. Ba'a dena shi don an ga yarinya tayi ɓul-ɓul. Ranar da zazzaɓi ya kama ta jiki yana buƙatar ƙari, ku sa likita ya rubuta muku tun yanzu nawa za'a ninka, in kuma tana amai maganin baya zama toh allura ce a asibiti ba jira. Yarinyar da aka riƙe wa magani da kyau tana girma tayi al'ada tayi aure, da yawansu har su haihu. Sannan lalurar gado ce daga uwa da uba duka, shiyasa tafi fitowa a auren zumunci, in uwa da uba duk suna ɗauke da ita kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Abin tausayin ma jariri namiji mai CAH gabansa lafiya lau yake ba mai zargin komai, sai dai ya rasu a sati biyu ace ai rabon ƙasa ne, don haka in an taɓa rasa jarirai haka a gidan ku faɗa wa likita tun ana awon ciki.

Tiyata fa? A nawa ganin kar a yi gaggawa. In akwai abin da ya toshe fitsari ko wani haɗari ga lafiya wannan dole ne, amma aikin da za'ayi kawai don ido ya kwanta, a rage nan a cire can, abin da aka yanke baya dawowa. Malta ta hana irin wannan aikin akan yara ƙanana tun 2015, Jamus ma ta taƙaita shi a 2021, saboda manyan da aka yiwa suna jarirai sun fito sunce an cuce su. Likitoci har yanzu basu haɗu akan magana ɗaya ba, wasu suna ganin yin aikin da wuri yafi, don haka ku tambaya kai tsaye me zai faru in an jira, kuma ku nemi jin bakin likita na biyu. Ta fuskar addini kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin hunsa, wato mata-maza, har kason gadonsa an tsara, a Malikiyya wanda aka kasa bambancewa yana samun rabin kason namiji da rabin na mace, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka a 1989 ta halatta yi masa magani don a kawar da ruɗanin.

Wasu kuma sai lokacin balaga abin yake bayyana, nan ne iyaye sukafi ruɗewa. Yarinya ta kai 15 bata fara al'ada ba, ko murya ta fara buɗewa gemu yana tsirowa, ko yaro da aka raina a namiji nono ya fito masa yana ganin jini duk wata. Akwai nau'in da jiki baya jin homon ɗin maza kwata-kwata, kuromosom XY ne amma jiki na mace babu mahaifa, su kusan dukkansu a mata suke jin kansu kuma a haka suke rayuwa. Akwai kuma wani nau'in da aka fara nazarinsa sosai a wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika a 1974, ana rainonsu a mata sai balaga tazo jiki ya juya, fiye da rabinsu komawa maza suke. A wannan shekarun ba'a yanke wa yaro hukunci a bayan idonsa, likita ya zauna dashi shi kaɗai ya ji yadda yake jin kansa, a gaya masa gaskiyar sakamakon gwajinsa da yaren da zai gane, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa don damuwa tana cin irin yaran nan sosai. Kar a siyo homon a kemis, kar kuma a ɗaura mata aure da sauri wai don a rufe asiri. In an tsaya akan canza suna, sai a yi rantsuwa a kotu a gyara takardun makaranta da NIN, in hali yayi a canza masa makaranta ya fara a inda ba'a san shi da tsohon suna ba.