Yadda ake awon jini don gano tsutsa tun kafin ta yi ɓarna

Tsutsar da ke haddasa tundurmi da gwaiwa takan yi shekaru a jikin mutum kafin ƙafa ko maraina su kumbura, kuma a cikin waɗannan shekarun ne awon jini yake da amfani.

Ka fara da gaya wa likita inda ka zauna da irin sana'arka, ko noman rani ne, ko kamun kifi, ko kuwa ka taɓa zama a dazuzzukan Kamaru da kudancin Najeriya, domin da wannan bayani zai zaɓi awon da ya dace. Yawanci yakan fara da ƙidayar ƙwayoyin jini, a duba wani nau'in fararen ƙwayoyi da ake kira iyosinofil. Idan suka haura 500 a maikirolita ɗaya, wato ɗan ƙanƙanin ma'aunin jini, akwai dalilin zargin tsutsa, kodayake asma da borin jini ma suna ɗaga su, magungunan sitiroyid kuma suna danne su, saboda haka kada ka ɓoye maganin da kake sha.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokacin ɗibar jini. 'Ya'yan tsutsar tundurmi sukan laɓe a jijiyoyin huhu da rana, sai dare ya yi su bazu cikin jini daidai lokacin da sauro ke cizo. Don haka ake ɗibar jinin tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2 na dare, a shafa ɗigo a kan gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Wanda ya je da hantsi zai iya komawa gida da takardar da ta wanke shi alhali tsutsar tana nan. Akwai kuma tsinken gwaji na gaggawa da ake amfani da shi kowane lokaci, sai ka tambaya ko suna da shi. Tsutsar ido ta Loa loa kuwa tsakanin 10 na safe da 2 na rana ake nemanta, kuma bincika ko tana nan wajibi ne kafin shan maganin tsutsa na ivermectin, domin maganin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi masa yawa a jini.

Game da tsargiya, wadda ita ma tsutsa ce ke kawo ta, awon jini na garkuwar jiki yana buƙatar mako 6 zuwa 8 bayan shiga ruwan da ake zargi, kuma alamar cutar da awon ke nema takan daɗe a jini bayan warkewa. Shi ya sa wanda ya taso yana wanka a rafi gara ya kai fitsarin tsakar rana, mai zargin tsutsar hanji kuma ya kai bahaya.