Ziyarar Ƙauyen Edale da Tuddan Peak District: Shawara ga Sababbin Zuwa Ingila

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kawo Manchesta ko Shefild sukan shafe shekara guda ba su san komai na Ingila ba sai hanyar makaranta, da masallaci, da kantin da suke sayen cefane. Dalilin ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Akwai zaton da ke zaune a zukatan mutane cewa karkarar ƙasar nan gonakin masu ita ne, kuma baƙo bai da hurumin taka su. Wannan zato kuskure ne, kuma ƙauyen Edale wuri ne mai kyau da sabon zuwa zai fara gane hakan da idonsa.

Edale ɗan ƙaramin ƙauye ne a gundumar Derbyshire, yana kwance cikin kwari a gindin tudun Kinder Scout, wanda tsayinsa ya kai mita 636, kuma shi ne mafi tsayi a duk yankin Peak District. Jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin tashar Piccadilly ta Manchesta da Shefild yana tsayawa a tashar ƙauyen, kuma daga kowane ɓangare tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Sai dai a kula, jirage masu sauri da ke bin wannan layi wucewa suke yi, don haka a nemi wanda ke tsayawa a ƙananan tashoshi. Ɗalibi ya mallaki katin rangwamen jirgi na 'yan shekara 16 zuwa 25, domin yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma wanda ya haura shekara 25 ma yana iya samunsa matuƙar yana cikakken karatu.

Gidajen ƙauyen na dutse ne, da coci, da gidajen abinci kaɗan, da wata cibiyar baƙi inda ake samun taswira da bayanin yanayi. Amma abin da ke kai mutane can yana bisa. Idan aka hau, itatuwa sukan ƙare, sai fili ya buɗe iyakar ganin ido, babu gida babu gona, sai wani gajeren tsiro mai kauri da ke rufe ƙasa, wanda a watan Agusta zuwa farkon Satumba yake fitar da fure ruwan hoda mai duhu har tudun duka ya canza launi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa baƙa ce mai laushi, ta samu ne daga ruɓewar tsirrai cikin dubban shekaru, tana riƙe ruwa sosai, kuma wanda ya kauce wa hanya zai iya nutsewa har gwiwa.

'Yancin yawo a wannan wuri ba kyauta aka ba talakawa ba. A da, masu filayen sun killace tuddan domin farautar tsuntsaye, suna da masu gadi da ke korar duk wanda ya shiga. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, akasarinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchesta da Shefild, suka hau Kinder Scout da gangan ba tare da izini ba, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman. An ɗaure biyar daga cikinsu, amma ɗaurin ya ƙara wa fafutukar farin jini. A 1951 Peak District ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, a 1965 aka buɗe doguwar hanyar ƙafa ta Pennine Way, wadda ta fara daga Edale ta yi kusan mil 268 zuwa kan iyakar Sukotilan, sannan dokar shekarar 2000 ta ba jama'a damar yawo da ƙafa a irin waɗannan tuddai. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Saboda haka ina ganin bai kamata waninmu ya riƙa rakuɓewa a can kamar mai neman alfarma ba, ko da ya tarar shi kaɗai ne baƙar fata a kan hanya.

Haƙƙin yana tafe da ladabinsa. A ƙasan kwarin gonaki ne na kiwon tumaki, kuma hanyar jama'a tana ratsa tsakiyarsu tamkar burtali, an yarda a wuce amma ba a yarda a bazu cikin gona ba. Kibiya mai launin rawaya a jikin turke tana nuna hanyar masu ƙafa. Inda hanya ta ci karo da katangar duwatsu, za a ga 'yar matakala ta katako ko faffaɗan duwatsu da aka saka a jikin katangar domin a taka a tsallake, kuma nan ne kawai wurin tsallakewa, domin katangun an jera su ne ba siminti, hawansu yana rushe su. Ƙofar da aka tarar a rufe a mayar da ita a rufe, wadda aka tarar a buɗe a bar ta haka. A lokacin bazararsu, wato Maris zuwa Mayu, tumaki na haihuwa, kada a bar yara su bi 'yan raguna da gudu, haka kuma a yi nesa da saniya mai ɗan maraƙi. Kunna wuta ko gasa nama a kan tudu babban laifi ne, domin baƙar ƙasar nan idan ta bushe ta kama, takan ci ta ƙarƙashi, kamar yadda aka gani a gobarar Saddleworth Moor ta 2018, wadda hayaƙinta ya lulluɓe sassan Manchesta.

Yanayi shi ne abin da ya fi yaudarar baƙo. Ana iya barin tasha cikin rana, a isa bisa a tarar da iska mai sanyi da hazon da ke hana ganin abin da ke gaban mutum. Dole ne a sa takalmi mai kauri da ke riƙe idon sawu, da rigar ruwa, da tufafi hawa-hawa da za a iya ragewa ko ƙarawa. Wandon jins idan ya jiƙe ba ya bushewa da wuri. 'Yan'uwa mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga saboda tsallake matakala, su kuma ɗaure hijabi sosai, don iskar can ba ta da sauƙi. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare da dama, don haka a sauke taswira tun daga gida, a kuma sanar da wani inda aka nufa. Idan haɗari ya auku, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na kan tsauni, waɗanda 'yan sa kai ne kuma ba sa karɓar kuɗi.

Babu masallaci a ƙauyen, kuma samun naman halal da wuya, saboda haka a yi guzuri daga gida, da shayi mai zafi a filas, da ruwan alwala da 'yar dadduma. Alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas.

Ga zuwan farko, ban ba da shawarar hawa Kinder Scout ba, musamman ga mai iyali. Ya fi dacewa a nufi Mam Tor, tudu mai tsayin mita 517 da ke ɗaya gefen kwarin, wanda hanyar bisansa shimfiɗe take da duwatsu, daga nan a gangara ƙauyen Castleton. A can akwai kangon tsohuwar ganuwar Peveril, da koguna na ƙarƙashin ƙasa da ake haƙo dutsen ado mai suna Blue John, da ragowar titin motar da zaftarewar ƙasa ta sa aka rufe a 1979. Daga Castleton akwai bas zuwa Shefild, amma mai komawa Manchesta ya tanadi ƙarfin komawa Edale ko tafiya tashar jirgi ta ƙauyen Hope da ke kusa, kuma ya duba lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ya bar gida, musamman ranar Lahadi.