Yadda ake gane inda ƙarfi ya taru a jikin tukunyar matsi ta hanyar haske

Tukunyar iska irin ta masu faci a Maraɗi ba ta nuna inda take jin nauyi, amma haske yana tona asirin, bisa abin da David Brewster ya gano a 1816, cewa gilashi da aka matsa yakan raba haske gida biyu.

Da farko a goge jikin tukunyar har ƙarfe ya fito fes, musamman gefen walda da bakin bututu. Sannan a manna siririn faifan roba da haske ke ratsawa, wanda shi ma yakan raba haske idan an matsa shi, da gam mai ƙyalli, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, domin zafin rana yana ɓata awo. Bayan haka a cika tukunyar da ruwa, ba iska ba, saboda idan ta fashe ruwa ba ya tarwatsa ƙarfe kamar iska, a riƙa ƙara matsin sannu a hankali.

Sai a haska faifan da folariskof, wato na'urar da ke tace haske ta nuna launuka a jikin faifan, a duba. Wurin da ya kasance baƙi ba shi da bambanci tsakanin ƙarfin da ke jan sa ta fuska ɗaya da na ɗaya fuskar. Yayin da bambancin ke ƙaruwa, rawaya ke fitowa, sai ja, sai shuɗi, kuma iyakar ja da shuɗi ita ce layi na farko. A ƙirga layukan, a yi alama inda suka cunkushe, domin nan ne ƙarfi ya taru.