Yadda ake kai ɗalibai gidan gurzar kaɗa da tsohuwar masaƙar Gusau

Malaman da ke tambayata yadda muke shirya wannan fita, ga abin da na sani. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Gusau, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka soma da masaƙa. Yaron da bai taɓa riƙe kaɗa a hannunsa ba, in ka tsayar da shi gaban ginin da ya daina aiki, bango da tsatsa kaɗai zai gani. Bi kaɗar yadda take tafiya: gona, hannun tsohuwa, injin gurza, sannan masaƙa.

Lokaci shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ana shuka a Yuni da Yuli, a fara tsinka wajen Nuwamba, to da hunturu ne gidajen gurza ke da kaya. Duk da haka je da ƙafarka tukuna, domin ba kowane gida ke tayar da inji kowace shekara ba, kaɗar ta ragu. Ka riƙa takardar shugaban makaranta, ka nemi manaja, ku tsayar da ranar da inji zai yi aiki. Waya ba ta isa. Ka kauce wa Juma'a. Iyaye su sa hannu a takardar izini, kuma batun hanya ba abin wasa ba ne a Zamfara: gonar da za a je ta kasance a bakin gari, a tambayi mai unguwa da jami'an tsaro halin da ake ciki ana gobe tafiya, a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar. In an ce a dakata, a dakata.

Kafin ranar, ka nemo mutum biyu. Na farko tsohuwa mai kaɗi. Har yanzu akwai su a cikin unguwanni, sai dai a bi ta hannun 'ya'yansu, kuma malama ce ta fi dacewa ta je roƙon. Ta zo makaranta da magurji da bakan shiɓa da mazari da allinta. Ta ɗora kaɗa a dutse, ta murza ƙarfe, angurya ta fito gefe guda; ta shiɓe, ta kama kaɗi. A bar kowane yaro ya gwada. Mazan su suka fi cika baki, su ne kuma zarensu ke fara tsinkewa. Abin da nake so ya zauna musu shi ne tsawon lokacin da Inna ta ɗauka kafin ta raba cikin tafin hannu ɗaya da 'ya'yansa, domin da wannan za su auna injin gobe.

Na biyu tsohon ma'aikacin masaƙa. Wannan shi ne ƙashin bayan tafiyar, kuma ba wuyar samu gare su ba, tambaya a masallacin unguwa ta isa. Ka gaya wa yara tun a mota cewa Baba za su kira shi, kuma ba a katse shi. Ka tanadi goronsa da na Inna cikin kuɗin tafiya, tare da na mota da na ruwa.

A gona ba a daɗewa. Su ga ƙwallon da ya fashe, su ji yadda ɓawonsa ke sukar yatsa, manomi ya faɗa musu sau nawa ya yi feshi. Ya isa.

Gidan gurza ne wurin da sai ka buɗe ido. Yi duk bayaninka a waje, don ciki ƙara ba ta barin a ji magana. A nan nake gaya musu cewa a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman kaɗa ta Turawan Ingila, wato BCGA, a Manchesta ta Ingila, wadda tsofaffinmu ke kira Bisije, saboda masaƙun can na neman kaɗar da ba ta Amurka ba. Su suka baza gidajen gurza a ƙasar Hausa, har da Funtuwa da Gusau. Jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, shi ya riƙa kwasar kaɗa da gyaɗa zuwa Legas, daga can sai jirgin ruwa. Manomi ya kai kaɗarsa fuloti, wato wurin sayen kaɗa, a duba ta, a auna, a biya shi farashin da ba shi ya yanka ba, bayan wani lokaci kuma ya sayi yadin da aka saƙa a Ingila. Ina barin yara su yi gardama kan wa ya ci riba, ba na raba musu.

Shiga ciki goma-goma, kowane rukuni da malaminsa. Kowa da takunkumi, mai asma ya tsaya waje. 'Yan mata su tattare hijabi su soke shi, maza su bar babbar riga a gida, domin bel ɗin inji in ya kama gefen tufa ba ya saki. Ashana ko wani abin da ke tartsatsi kada ya ƙetare ƙofa. Kaɗa busasshiya wuta take jira. Ka nuna musu inda zartunan inji ke fizgo kaɗa ta tsakanin ƙarafan da angurya ba ta iya bi, sai inda ake danne ta a ɗaure. Su lura da tarin angurya: ta fi kaɗar nauyi, wajen kashi biyu cikin uku na abin da manomi ya kawo, kuma daga ita ake samun mai da abincin shanu. Hoto sai da izinin manaja.

Daga nan sai masaƙar Zamfara, wadda aka kafa a shekarun 1960, bayan ta Kaduna da ta fara aiki a 1957. In ba a ba ku izinin shiga ba, kada ka yi ja-in-ja da mai gadi, tsayuwa a bakin ƙofa ma ta wadatar in Baba na nan. Ka ja baya ka bar shi. Shi zai faɗi yadda ake canjin aiki dare da rana, da sashen da ya yi, da abin da albashinsa ke saye. Yara za su tambaye shi me ya kashe ta, zai kuma lissafo rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da yadin waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Ka sa biyu su riƙa rubutawa, don abin da ke bakinsa babu shi a littafin manhaja.

Azahar da abinci a lambu za a yi su. Akwai lambuna a bakin gulbin da ya ratsa Gusau, ka shirya da mai lambu tun da wuri ya ba ku inuwar mangwaro. Sharaɗi uku nake kafawa: ba tsinka, ba taka kwamin albasa, ba mai kusantar ruwa. In makaranta na da sauran canji, a sayi latas da tumatir a hannunsa. Ka ƙirga yaranka kafin a tashi, ka sake ƙirgawa cikin mota, sannan ka karɓi takardun masu rubutu tun ba su jiƙe da ruwan leda ba.