Ɗan bautar ƙasa mai son aikin ƙungiyoyin raya al'umma: ta ina zai faro?

Ina cikin masu tace takardun neman aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Arewa, kuma layin da na fi cin karo da shi a CV ɗin ƙannenmu shi ne "na yi aikin sa kai", sai jerin satifiket na tarurrukan bita ya biyo baya. A zo intabiyu a ce to malam, me ka yi, wa ya amfana, ina shaida? Sai kame-kame. Ga shi tun da gwamnatin Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID a 2025 guraben suka ragu, har tsofaffin hannu suna neman aikin da a da sabon shiga ake bar wa. Don haka in kana bautar ƙasa, ko kana jiran a kira ka sansani, wannan shekara ita ce damarka ta haɗa abin nunawa. Da "ka" zan yi magana, amma ƙanwata, har da ke.

Da zarar an gama makonni uku na sansani an tura ka wurin aiki, za a sa ka a rukunin CDS, wato na aikin raya al'umma, masu haɗuwa sau ɗaya a mako. Da yawa suna zuwa ne su sa hannu su kama gabansu. Akwai rukunin muradun ci gaba mai ɗorewa, waɗannan 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Satumbar 2015 da burin cim ma su nan da 2030. Shiga in ka samu, amma haddace su ba ya ba kowa aiki. Abin da ya fi shi ne aikin ƙashin kanka da hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta yarda ɗan bautar ƙasa ya yi wa garin da yake: ka rubuta abin da kake son yi, ka miƙa ta hannun sufeton hukumar na ƙaramar hukuma, ka jira amincewa kafin ka taɓa komai.

Kada ka zaɓi aikin a ɗakinka. Wata biyun farko ka yi su kana sauraro. Gai da mai unguwa, ya kai ka gun dagaci. Zauna da hedimasta, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da limamin unguwa, har da majalisar mai shayi. In ke ce, kin fi mu sa'a, don za ki shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga", ki ji daga bakin matan da su ne suka san wace rijiya ce ke ƙafewa da wuri. Abin da bakuna uku suka ambata ba tare da sun haɗa baki ba, shi ne aikinka. Guda ɗaya tak, ƙarami, wanda za ka iya ganin ƙarshensa.

Bari in ɗauki dashen itatuwa, tunda shi aka fi yi kuma shi aka fi ɓatawa. Jihohi 11 ne a Najeriya ke bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Yobe da Borno, inda shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratsa, saboda haka dashe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yadda aka saba shi ne a gayyato shugaban ƙaramar hukuma, a kafa rumfa, a dasa, a ɗau hoto, a watse. Kafin sati ya zagayo awaki sun yi kalaci.

Kai ka fara da tambayar wa zai yi ban ruwa a watan Afrilu. In babu amsa, kada ka haƙa rami ko ɗaya. Makaranta mai katanga da famfon tuƙa-tuƙa ta fi bakin titi sau nawa. Raba wa ɗalibai, kowane aji da bishiyoyinsa, ka nemi malami ɗan garin wanda ba a shirin yi masa canjin wurin aiki ya zama uban aikin, ka kuma ja maigadi a jiki, shi ne ke nan ranar Asabar da lokacin hutu. Yi dashen bayan damina ta kankama, wajen Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Kowace bishiya a yi mata keji, ko na ƙaya, ko na tsofaffin bulo da aka jera da 'yan ƙofofin shan iska. Kuɗin keji ya kan fi na irin, kuma a nan kasafin yawancin matasa ke rushewa. Darbejiya tana jure wahala, zogale na saurin tashi kuma mata za su kula da shi don ana cin ganyen, mangwaro na son ruwa sosai a shekarun farko. In kana da ƙarfin kula da 40, kada ka dasa 400.

Wani lokacin ma ba sai ka dasa ba. A jihar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututturen da ke gonakinsu: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a sassabe sauran. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, kuma miliyoyin hekta sun farfaɗo a kudancin Nijar ta haka. Gawo ne abokin manomi a nan, don da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa. Ɗan bautar ƙasar da ya shawo kan manoma goma suka gwada wannan, a wurina ya fi mai hoto da ciyaman.

Kuɗin aikin kuma kada ka ɗora wa alawus ɗinka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nemi iri a gandun renon itatuwa na ma'aikatar muhalli ko sashen gandun daji, bulo a wurin masu buga shi, ɗan abin da ya rage a ƙungiyar iyaye da malamai. Kowace naira ka rubuta ta, ka ajiye rasit. Garin da ya sa kuɗinsa a abu ba ya bari ya lalace.

Yanzu ga ɓangaren da zai ba ka aiki. Sauke KoboCollect a wayarka, manhajar da ƙungiyoyi da dama ke tattara bayanai da ita, tana aiki ko babu intanet. Haɗa ɗan fom: irin bishiya, inda take, ranar dashe, tana raye ko ta mutu. Duk ƙarshen wata ka zaga ka cike, ka juye a Excel. Ka rubuta rahoton shafi biyu da Turanci mai sauƙi, har da waɗanda suka mutu da dalilin mutuwarsu. Wanda ya ce mini "na dasa kaza, kaza suka tsallake bazara, na gefen katangar yamma gara ta cinye su", na san ya san aikin sa ido da auna sakamako tun kafin a koya masa. Mafi yawanmu ta ƙofar tattara bayanai muka shigo, aikin 'yan kwanaki, gida-gida, waya a hannu.

Abu ɗaya game da hoto: yaran mutane ba kayan talla ba ne. Nemi izinin iyaye ko makaranta kafin ka ɗauka, balle ka ɗora a Facebook. Ƙungiyoyi na duba wannan da gaske.

Kwasa-kwasan kyauta suna nan a Agora ta UNICEF da dandalin Kaya. Biyu da suka shafi aikinka sun isa. Rubuta a CV cewa kana jin Hausa, in da Kanuri ko Fulatanci ka sa, don a Maiduguri da Damaturu da Sakkwato ana nemansu. Faransanci kuma zai buɗe maka Nijar da Chadi da Kamaru. Buɗe rajista a shafin UNV, shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, masu biyan kuɗin guzuri ga waɗanda suka ɗauka, ka riƙa leƙa ReliefWeb, shafin da ake tallata guraben aikin ƙungiyoyin agaji. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "tantancewa" da sunan Majalisar, ɗan damfara ne, ba sa karɓar ko kwabo a kowane mataki.

Kafin ka karɓi takardar sallama, miƙa aikin a rubuce ga malamin nan a gaban hedimasta da mai unguwa, ka roƙi hedimasta wasiƙar shaida mai hatimi da ta faɗi abin da ka yi dalla-dalla. Karɓi lambar malamin, ka kira shi a watan Mayu ya ƙirgo maka waɗanda suka rayu, ka gyara adadin da ke CV ɗinka ko da raguwa ya yi.