Tuƙin siririn jirgi a kanal ɗin Ingila: yadda ake hawa da sauka a lok

Duk wanda ya ce mini zai yi hayar siririn jirgin ruwa ya shiga kanal, wato haƙaƙƙiyar hanyar ruwa, a Ingila, abin da nake fara gaya masa shi ne ya ajiye lissafin tafiyar mota a gefe. Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, ba ta yarda a wuce mil 4 a awa ba. A aikace ma mil 3 za ka riƙa yi, kana gani mai tafiya a ƙasa zai wuce ka. Masu jiragen suna da lissafinsu: haɗa yawan mil da yawan lok (ɗakin ruwa da ke ɗaga jirgi ko sauke shi), ka raba uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiyarka. Mil 9 da lok 6, awa 5 ke nan.

Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70. Dalili shi ne faɗin ƙananan lok bai wuce ƙafa 7 ba, ma'aunin da ya samo asali daga James Brindley, injiniyan kanal ɗin Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchester. A wancan zamani dawakai ke jan jiragen, shi ya sa har yau akwai hanyar ƙafa a gefen ruwan. Ɗan haya ba ya bukatar lasisin tuƙi. Kamfanin zai nuna maka komai kafin ka tashi, ka kasa kunne sosai, kada ka ji kunyar tambaya.

Tuƙin kansa ba wuya. Kana tsaye ne a bayan jirgi riƙe da sandar tuƙi, in ka tura ta dama goshin jirgi ya yi hagu, in ka tura ta hagu ya yi dama. Jirgin a tsakiyarsa yake juyawa, saboda haka duk sanda goshi ya karkata gefe guda, baya na lilo zuwa ɗaya gefen. Babu birki, ribas ake sawa a tsaya, kuma a ribas jirgi ba ya jin sanda sosai. Idan kun yi kiciɓis da wani, kowa ya riƙe damarsa. Idan za ka wuce jiragen da ke ɗaure, mayar da inji silo tun daga nesa, domin igiyar ruwanka na iya tumɓuke musu turaku, ga kuma mutane na girki ko barci a ciki.

To, sai lok, inda ainihin aikin yake. Ɗaki ne na bulo ko dutse mai ƙofa gaba da baya, ana cika shi da ruwa jirgi ya hau, a zubar jirgi ya sauka. Ba inji, ba famfo, nauyin ruwa ne kawai ke aiki. Kowace ƙofa tana da tagogin ruwa, wasu a jikinta, wasu a ƙarƙashin ƙasa, ana ɗaga su da wani lanƙwasasshen ƙarfe da za a ba ka tare da jirgi.

A ce hawa za ka yi. Tsaya a turakun da ke gaban lok, abokin tafiyarka ya sauka da ƙarfen. Kafin ya taɓa komai, ya leƙa sama tukuna. Idan lok ɗin a cike yake kuma ga jirgi na tahowa, nasu ne, a bar su su sauko. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne: duk cikawa da zubarwa na iya cin lita dubu ɗari, kuma daga madatsun da ke can tudu ake samo ruwan, wanda kan yi ƙaranci idan zafi ya tsananta. Idan ba kowa, ya tabbatar ƙofar sama da tagoginta a rufe suke, sannan ya ɗaga tagogin ƙofar ƙasa ruwa ya zube.

A nan ne sabon shiga ke wahalar da kansa. Muddin ruwan ciki da na waje ba su daidaita ba, ko da bambancin inci biyu ne, ƙato uku ba za su motsa ƙofar ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Jingina bayanka da dogon gungumen da ake tura ƙofar da shi, ka jira. Da zarar sun daidaita za ka ji gungumen ya saki da kansa, sai ka taka da baya-baya, dugaduganka na kama tudun bulon da aka jera a ƙasa don haka.

Jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, a sauke tagoginta. Sai a je sama a fara da tagogin ƙarƙashin ƙasa, rabi tukuna, ido na kan matuƙi. Na jikin ƙofa ba a buɗe su sai ruwa ya rufe su, in ba haka ba ambaliya za su kwararo cikin goshin jirgi. Ruwan da ke shigowa yakan tura jirgi baya sannan ya fizgo shi gaba, matuƙi ya riƙa daidaitawa da inji.

Ƙarfen nan ina so a ji tsoronsa. Kullum a sa sakatar da ke riƙe haƙoran abin ɗaga tagar kafin a fara murɗawa, kuma kada a bar ƙarfen maƙale a jiki a matsa gefe. In sakata ta kuɓuce, yakan juya da ƙarfin da zai karya haƙori ko hannu. Wajen rufewa ma a murɗa a hankali, ba a saki ya faɗi.

Sauka ta fi hawa hatsari, kuma dalilin guda ne. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai dakali na dutse ko kankare da ruwa ke ɓoyewa idan lok ya cika. An sa alamarsa da farin fenti a bakin bango. Bayan jirginka ya kasance gaba da wannan alama tun daga farko har ƙarshe. Idan ya hau dakalin ruwa na zubewa, baya zai maƙale sama, goshi ya nutsa, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. Maganinsa a rufe dukkan tagogi nan take, sannan a dawo da ruwa kaɗan-kaɗan daga sama har jirgi ya taso. Don haka mai riƙe da ƙarfe ba ya barin wurin, ba ya duba waya. Kada kuma a ɗaure igiya tamau a turke lokacin sauka, jirgi zai rataye. Yara da wanda bai iya iyo ba su sa rigar kariya. In an fita, a rufe ƙofofi da tagogi duka, sai fa in ga wani na jiran shiga.

Game da inda za a fara, ba na ba wa sabon shiga shawarar Tardebigge mai lok 30 a jere, ko Caen Hill kusa da Devizes mai 29, wanda ke cinye awa biyar zuwa shida. Kanal ɗin Ashby mil 22 ne babu lok ko ɗaya, amma ni na fi son mutum ya ɗanɗana aikin. Kanal ɗin Llangollen ya fi dacewa: lok 21 ne, kuma a kansa gadar ruwa ta Pontcysyllte take, wadda aka kammala a 1805, inda jirgi ke ratsawa ƙafa 126 a saman kogin Dee, gefe guda ba shinge. A Grindley Brook za ka tarar da lok uku manne da juna kamar matakala. Tsarinsu daban ne, ka karanta allon da ke wurin, in akwai mai kula ka bi abin da ya ce.

Ka nemi masauki tun da sauran rana, domin kamfanonin haya ba sa yarda a yi tafiyar dare. Kada ka ɗaure a gaban lok, ko wurin ɗiban ruwa, ko inda jirage ke juyawa. In ka ɗaure, inji a kashe yake daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Kafin ka tashi da safe, zare makulli ka sa a aljihu, buɗe murfin da ke saman farfela, ka zura hannu ka cire leda da ciyawar da suka naɗe. Sannan ka mayar da murfin ka ɗaure shi gam, domin in ya yi sako-sako ta nan ruwa ke shiga jirgi da zarar farfela ta fara juyawa.